Cin zarafi a gidajen 'yan Latino a Amurka: me ya sa tafinta kaɗai bai isa ba?

Su wane ne 'yan Latino?

Mazauna Amurka ne da tushensu yake ƙasashe irin su Meziko, Guwatemala da Kolombiya. Wasu haifaffun Amurka ne, wasu suna da takardun zama, wasu babu.

Me ke hana wadda ake duka ko aka yi wa fyaɗe neman taimako?

Tsoro ne kan gaba. Miji yakan ce: "Kira 'yan sanda mana, su tasa ƙeyarki gida, yara su zauna hannuna." Wadda ba ta da takarda ba ta ɗaukar wannan da wasa. Ga kuma dangi. A wurinsu iyali ya fi ƙarfin komai, mace ta gari kuwa ita ce mai haɗiye ɓacin rai. Har karin magana gare su, wai tufa mai dauɗa a gida ake wanke ta. Duk wadda aka taɓa ce wa "ki yi haƙuri, ki rufa wa gidanki asiri" ta san zancen.

Idan an samo mai jin Sifaniyanci, harshen ƙasashensu na asali, ba shi ke nan ba?

Ina! Wasu ma Sifaniyancin bai zauna a bakinsu ba, harshensu Mam ne ko Kice ko Mistek. Abin da ya fi muni a ganina shi ne a sa yaro ya yi tafinta, ya faɗa wa ɗan sanda abin da ubansa ya yi wa uwarsa.

To wane irin taimako ne ke karɓuwa?

Wanda ya fito daga cikinsu. Ƙungiyar Mujeres Latinas en Acción ta fara aiki a Shikago a 1973, Casa de Esperanza kuma, wadda yanzu ake kira Esperanza United, a Minesota a 1982. Ƙungiyoyi da dama suna horar da matan unguwa da ake kira promotoras, su tattauna da 'yan'uwansu a coci ko a gida. Ba da "fita ki bar shi" suke farawa ba. Sukan fara jin abin da ita take so, sannan su tsara yadda za ta tsira da lafiyarta.

Doka fa?

Dokar VAWA ta 1994, wato dokar hana cin zarafin mata, ta bai wa wadda mijin da ke cin zarafinta ɗan ƙasa ne ko mai izinin zama na dindindin damar neman takardarta da kanta, ba da saninsa ba. Maza ma ta shafe su. A 2000 aka ƙirƙiro bizar U don waɗanda aka ci zarafinsu kuma suka taimaka wa masu binciken laifin, sai dai 10,000 kacal ake bayarwa a shekara, don haka jira yakan kai shekaru.