Dokar da ta sa jaririn da aka haifa a Amurka yake zama Ba'amurke

Kullum sai ka ji ana cewa wance ta tafi Amurka haihuwa don yaro ya samu fasfo ɗinsu, kuma mutane da yawa sun ɗauka wata alfarma ce gwamnatinsu take yi wa baƙi. Abin yana cikin kundin tsarin mulkinsu ne, gyara na 14, wanda ya fara aiki a watan Yulin 1868, kuma waɗanda suka rubuta shi bayin da aka 'yanta bayan yaƙin basasa ne a ransu.

Asalin rigimar da ta kai ga wannan gyara kan ƙasa ne. Amurka ta yi ta miƙewa yamma, ta sayi Luwiziyana a hannun Faransa a 1803 kan dala miliyan 15, ta ci Meziko da yaƙi ta karɓe su Kalifoniya a 1848, to duk sabon yankin da aka samu sai gardama ta kaure, a bar masu bayi su shiga da bayinsu ko a hana. Ana cikin haka wani bawa mai suna Dred Scott ya kai ƙara, ya ce ubangidansa likitan soja ya zauna da shi shekaru a Ilinoi da yankin Wiskonsin inda aka haramta bauta, don haka shi ɗa ne. A 1857 Kotun Ƙoli ƙarƙashin alƙali Roger Taney ta ce ai ba shi ma da hurumin shigar da ƙara a kotun tarayya, wai baƙar fata zuriyar bayi, ko bawa ne ko ɗa, ba ɗan ƙasa ba ne. Ta kuma ce majalisa ba ta da ikon hana bauta a sabbin yankunan.

Aka gwabza yaƙi daga 1861 zuwa 1865, gyara na 13 ya soke bauta, mutum kusan miliyan 4 suka samu 'yanci. Amma jihohin kudu ba su haƙura ba. A Misisipi in aka kama baƙar fata ba shi da takardar aiki sai a ce zauna-gari-banza ne a ci shi tara, in ya kasa biya a miƙa shi ga wanda ya biya ya je ya yi masa aiki. Majalisa ta yi doka a 1866 ta ce su ma 'yan ƙasa ne, shugaba Andrew Johnson ya hau kujerar naƙi, suka tsallake shi da rinjaye. Sai dai dokar majalisa wata majalisar tana iya soke ta gobe, shi ya sa suka cusa maganar cikin tsarin mulki, kuma aka gindaya wa jihohin kudu sharaɗi: ba za su koma kujerunsu a majalisa ba sai sun amince da gyaran.

Abin da sashe na farko ya ce a taƙaice: duk wanda aka haifa a Amurka ko aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa, kuma yana ƙarƙashin ikon dokar ƙasar, to ɗan ƙasa ne. Babu jihar da za ta kashe mutum ko ta ɗaure shi ko ta ƙwace dukiyarsa ba tare da an bi matakan shari'a ba, kuma dole doka ta kare kowa daidai wa daida. Sashe na biyu ya kashe tsohon lissafin nan na wulaƙanci da ake ƙirga bayi biyar a matsayin mutum uku wajen rabon kujerun majalisa, ya kuma ce jihar da ta hana maza 'yan shekara 21 zaɓe za a rage mata kujeru. Mata kam an bar su a waje, sai 1920. Wannan barazanar rage kujerun kuwa ko sau ɗaya ba a taɓa aiwatar da ita ba.

Gaɓar nan ta zama ƙarƙashin ikon doka ita ce wurin jayayya har yau. 'Ya'yan jakadu ba sa ciki. Jajayen Indiyawa ma, masu ƙasar na asali da aka yi ta kora daga filayensu, kotu ta ce a 1884 ba sa ciki, a shari'ar John Elk da aka hana shi rijistar zaɓe a Omaha, sai a 1924 majalisa ta ba su. Ni wannan ya fi komai ɗaure mini kai wallahi. Amma ɗan baƙo ya ci nasara: Wong Kim Ark, haifaffen San Faransisko ɗan iyaye Sinawa, ya je Sin ziyara ya dawo aka hana shi sauka daga jirgi, a 1898 Kotun Ƙoli ta ce Ba'amurke ne. A kan wannan hukuncin masu zuwa haihuwa suke dogaro. Kuma fa shekara 2 kacal kafin nan, a 1896, kotun ce dai ta halatta raba farare da baƙaƙe a taragon jirgin ƙasa, sai 1954 aka fara rushe wannan a makarantu.

Najeriya ba haka take ba, sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 jini yake bi, sai uba ko uwa ko kaka ɗan ƙasa ne. A Amurkan ma yaron kaɗai ke samun fasfo, iyaye ba su samu komai ba, sai ya cika shekara 21 zai iya nema musu takardar zama. Tun Janairun 2020 jami'in biza yana iya hana mace bizar yawon buɗe ido in ya ga haihuwa ce babban dalilin tafiyar, sannan a Janairun 2025 shugaba Trump ya sa hannu kan umarnin hana takardar zama ɗan ƙasa ga jariran da iyayensu ba su da izinin zama ko suke kan bizar wucin gadi, nan take jihohi da ƙungiyoyi suka maka shi a kotu, hujjarsu kuwa hukuncin Wong Kim Ark ɗin nan na 1898.