Waiwaye: Yadda Yunwa Take Ɓacewa Tsakanin Littafi da Fim

Wani dare a farkon 2019, a gidanmu da ke Gadarif a gabashin Sudan, 'yar ƙanwata mai shekara 15 ta gama kallon fim ɗin The Hunger Games a wayar yayanta, ta ajiye wayar a kan tabarma ta ce da ni: "Kawu, ai waɗannan mutanen ba su taɓa kwana da yunwa ba, dubi kumatunsu." Ta riga ta karanta fassarar littafin ta Larabci, kuma a watannin nan ita ake tasa da asuba ta je ta kama wa gida layin mata a gidan burodi. Maganar yarinyar ce ta sa na bi diddigin wannan nau'in labari, don in ga daga ina ya taso da kuma abin da yake zubarwa a hanya idan an ɗauke shi daga takarda zuwa majigi.

Masana adabi suna kiransa distofiya, wato kishiyar Utopia, sunan da Thomas More ya raɗa a 1516 wa wani tsibiri na ƙage inda komai ya daidaita. Da Hausa ana iya cewa labarin baƙar gobe. Da farko ba na yara ba ne. Yevgeny Zamyatin na Rasha ya rubuta We wajen 1920, amma ba a yarda an buga shi a ƙasarsa ba sai 1988, sannan Aldous Huxley ya biyo da Brave New World a 1932, George Orwell kuma da 1984 a shekarar 1949. Jaruman waɗannan littattafai manya ne masu aiki a cikin tsarin da ya danne su, kuma a ƙarshe tsarin ne yake cin galaba a kansu.

Littafin da aka fi dangantawa da karkatar wannan adabi zuwa matasa shi ne The Giver na Lois Lowry, wanda ya fito a Amurka a 1993. Yaron cikinsa, Jonas, yana shekara 12 lokacin da ya gano cewa kalmar "saki" da ake amfani da ita a garinsu ga tsofaffi da wasu jarirai tana nufin kashe su da allura, kuma mahaifinsa yana cikin masu yin allurar. A Japan, Koushun Takami ya fitar da Battle Royale a 1999, inda gwamnati take tilasta wa 'yan aji ɗaya su kashe juna. A Masar ma, marigayi Ahmed Khaled Taufiƙ ya rubuta nasa Utopia a 2008, labarin 'ya'yan masu kuɗi da ke zaune a bayan katanga suna fita farautar talakawa don nishaɗi, kuma matasan Sudan da dama sun san alƙalaminsa tun kafin su ji sunan marubutan Amurka. A wannan shekarar ta 2008 ce Suzanne Collins ta fitar da The Hunger Games, bayan, kamar yadda ta faɗa, tana sauya tasha da dare tsakanin wani shirin gasa da hotunan yaƙin Iraƙi har suka fara cakuɗe mata a ido. Da littafin ya ci kasuwa, sai 'yan bi-yarima suka yi yawa: The Maze Runner a 2009, Divergent a 2011, da wasu da tuni an manta da su.

A littafin Collins, zalunci yana farawa ne daga tukunya. Ƙasar sunanta Panem, daga kalmar Latin mai nufin burodi, kuma an raba ta gundumomi 12 da ke noma da haƙar gawayi da saƙa don babban birni ya ci ya ƙoshi. Kowace shekara ana jefa ƙuri'a a zaɓi yaro ɗaya da yarinya ɗaya daga kowace gunduma, 'yan shekara 12 zuwa 18, su 24 su yi ta kashe juna a gaban kyamara har saura ɗaya. Amma inda marubuciyar ta nuna ta san mugunta shi ne a tsarin tallafin abinci: duk yaron da gidansu ya rasa hatsi yana iya karɓar rabon hatsi da mai na mutum ɗaya na shekara, da sharaɗin a ƙara sunansa sau ɗaya a cikin ƙuri'ar, kuma ƙarin yana taruwa shekara bayan shekara. Saboda haka jarumar labarin, Katniss, mai shekara 16 sunanta ya shiga sau 20, abokinta Gale sau 42, alhali 'yar magajin gari ba ta da wannan nauyi. Ba a bukatar soja ya tsaya a kan kowa da bindiga, domin talaka da kansa yake zuwa ya sayar da ran ɗansa da mudu, sannan ya koma yana jin haushin maƙwabcinsa da bai sayar ba. Fim ɗin 2012 ya ambaci wannan cikin jimla biyu ya wuce.

Haka aka yi wa labarin burodin ƙonanne. A littafi, Katniss tana shekara 11, mahaifinta ya mutu a fashewar ramin gawayi, mahaifiyarta ta zauna zugum ba ta iya komai, yarinyar tana laluben kwandon shara a cikin ruwan sama lokacin da ɗan mai gidan burodi ya ƙona guda biyu da gangan, ya sha mari a hannun uwarsa, ya jefa mata. A fim an yi shi guntu-guntu a matsayin tuni, da manyan 'yan wasa, domin Jennifer Lawrence tana shekara 20 aka fara ɗauka. Wanda ya tuna cewa tashin farashin burodi daga fam ɗaya zuwa uku ne ya fito da mutanen Atbara kan titi ranar 19 ga Disamba 2018 ba zai ɗauki wannan a matsayin ƙaramar ragi ba.

Akwai dalili na kasuwa a bayan wannan tankaɗe. Kamfanin fim yana son shaidar da za ta ba 'yan shekara 13 damar shiga kallo a Amurka, kuma a Ingila sai da aka yanke daƙiƙa bakwai kafin a amince wa 'yan shekara 12. Don haka Peeta, ɗan mai gidan burodin nan, wanda aka yanke wa ƙafa a littafi, ya fito da ƙafafunsa biyu a fim. Bayin da gwamnati take yanke wa harshe, waɗanda Katniss ta gane ɗaya daga cikinsu a matsayin yarinyar da ta gani ana kamawa a daji ba ta taimaka mata ba, sun zama masu tsayuwa a bango kawai. Karnukan da aka saki a ƙarshen gasar, da littafi ya ce suna ɗauke da idanun yaran da aka riga aka kashe, sun koma karnuka manya masu haushi. The Giver ma da ya zama fim a 2014, sai aka ɗaga shekarun Jonas zuwa 16 aka cusa masa soyayya, ga shi kuwa nauyin labarin duk ya rataya ne a kan ƙuruciyarsa.

Abin da fim ya cire daga ciki, sai ya mayar a fuska. Littafin da bakin Katniss aka ba da shi, ba ta ganin komai sai abin da ke gabanta, kuma rashin sanin wanda yake juya al'amarin wani sashe ne na azabar. Fim kuwa ya shigar da mu ɗakin sarrafa gasar, ya kai mu lambun furannin Shugaba Snow, wanda Donald Sutherland ya taka da ƙwarewa, har mai kallo ya fara zaton cewa matsalar Panem tsoho ɗaya ne mai farin gemu. Mu da muka ga an sauke Umar al-Bashir ranar 11 ga Afrilu 2019, sannan muka ga abin da aka yi wa masu zaman dirshan a Khartum ranar 3 ga Yuni, muna da dalilin shakkar wannan zato. A nan dai ya kamata a yi wa finafinan adalci, domin ba su taɓa ƙarshen da Collins ta rubuta a Mockingjay, littafi na uku na labarin, a 2010 ba, inda shugabar 'yan tawaye ta ba da shawarar a ci gaba da gasar da 'ya'yan waɗanda aka kayar, Katniss kuma ta karkata kibiyarta zuwa gare ta.

Akwai kuma abin da majigi ya yi wanda takarda ba ta yi ba. Bayan mutuwar Rue, yarinya 'yar shekara 12 daga gundumar manoma, littafi ya ce mutanenta sun haɗa kuɗi suka aika wa Katniss burodi guda, fim kuwa ya nuna su suna bore. Ni na fi son burodin, amma hoton ɗaga yatsu uku ne ya tsallaka zuwa duniyar gaske: matasan Tailan sun ɗaga su bayan juyin mulkin 2014 har aka tsare wasu ɗalibai, 'yan Myanmar kuma suka ɗauka a 2021. A littafin, alama ce ta godiya da ban kwana da ake yi wa mamaci a gunduma ta 12.

Kasuwar ta yi sanyi bayan da kashi na uku na Divergent ya kasa mayar da abin da aka yi tsammani a 2016, har ba a yi na huɗun ba. Collins dai ta koma Panem da sababbin littattafai a 2020 da 2025. Na baya-bayan nan 'yar ƙanwata ta karanta shi a waya, a gidan da yanzu ya cika da dangin da yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 ya koro daga Khartum da Madani, kuma da na tambaye ta ko za ta kalli fim ɗinsa idan ya fito, sai ta ce za ta kalla don ta ƙirga abin da aka cire.