Waiwaye: yadda jita-jitar Hamilton da Ferrari ta yi shekaru tana yawo kafin ta tabbata

Ranar 1 ga Fabrairun 2024 da Mercedes da Ferrari suka fitar da sanarwa cewa Lewis Hamilton zai koma jar mota daga kakar 2025, mutane da yawa sun yi ta cewa abin ya zo ba zato ba tsammani, amma duk mai bin Formula 1 ya san wannan zancen ya daɗe yana yawo, an ƙaryata shi ya fi a ƙirga, har ya kai in ka ga kanun labari da sunan Hamilton da Ferrari a layi ɗaya sai kawai ka ja tsaki ka wuce. Kamar dai yadda aka yi ta fama da zancen Mbappe da Real Madrid ne.

Dalilin da ya sa raɗe-raɗi yake da ƙarfi a tseren nan na motoci masu kujera ɗaya da tayoyi a waje shi ne kujerun ba su da yawa. Har zuwa 2025 tawaga 10 ce, kowacce direba biyu, wato mutum 20 kacal a duk duniya, kuma cikin ashirin ɗin ma motocin da za su iya cin kambu ba su wuce na tawaga biyu ko uku ba. To in babban direba ɗaya ya motsa sai kowa ya motsa, shi ya sa manajojin direbobi da shugabannin tawaga kan raɗa wa ɗan jarida magana da gangan, wani don a ƙara masa albashi, wani don ya tsorata direbansa ya sa hannu da wuri.

Shi Hamilton ba yau ya fara ba. A farkon Satumban 2012 Eddie Jordan, wanda ya taɓa mallakar tawaga kuma a lokacin yana sharhi a BBC, ya fito ya ce Hamilton zai bar McLaren ya koma Mercedes. Aka yi ta masa dariya, don McLaren ce ta raine shi tun yana yaro, da ita ya ci kambun 2008, ita kuma Mercedes tsere ɗaya tak ta ci tun dawowarta a 2010, wa zai bar gida ya tafi can? Sai ga shi a Singafo yana kan gaba giyar motar ta mutu ya tsaya a gefen hanya, tsohon zakaran tseren Niki Lauda kuma yana ta lallaɓa shi a bayan fage ya zo Mercedes, kafin watan ya ƙare aka sanar ya maye gurbin Michael Schumacher. Abin da ya biyo baya kowa ya sani, kambu shida da Mercedes, 2014, 2015, sannan 2017 zuwa 2020 a jere, ya kamo Schumacher a bakwai.

Zancen Ferrari ya fara ƙarfi sosai a ƙarshen 2019. Jaridun Italiya suka ce ya gana da John Elkann shugaban kamfanin, kuma a tseren ƙarshe na Abu Dhabi Mattia Binotto, mai jan ragamar tawagar a lokacin, ya yaba shi a gaban 'yan jarida ya nuna ai abin farin ciki ne a ce irinsa yana kasuwa. Kwantiraginsa na ƙarewa a 2020, na direban Ferrari Sebastian Vettel ma haka, lissafi ya yi daidai kenan. Amma a watan Mayun 2020 ana tsakiyar kullen korona Ferrari ta sanar da rabuwa da Vettel, bayan kwana biyu ta ɗauko Carlos Sainz, magana ta mutu. Ni a ganina a lokacin Hamilton bai da wani dalilin tafiya, motarsa ta fi ta kowa nesa ba kusa ba, zancen dai ya yi masa amfani a teburin ciniki da Toto Wolff shugaban tawagar Mercedes ne kawai.

Abin da ya canja lissafi shi ne daren Abu Dhabi na 2021, lokacin da alƙalin tsere Michael Masi ya sake tada tseren saura zagaye ɗaya, Max Verstappen ya wuce shi da sababbin tayoyi ya ɗauke kambun. Hamilton ya yi shiru kusan wata biyu ko a Instagram ba a ji ɗuriyarsa ba, aka koma cewa ritaya zai yi. Ya dawo, amma sabuwar motar 2022 ta zo da matsala, in ta miƙe hanya sai ta riƙa tsalle tana buga ƙasa, a Baku har da ƙyar ya fito daga cikinta yana dafe da baya. Shekarar ce ta farko da ya gama kaka bai ci tsere ko ɗaya ba, 2023 ma haka ta wuce.

Ana cikin haka a Janairun 2023 Fred Vasseur ya karɓi ragamar tawagar Ferrari, kuma a nan ne ya kamata a ce kowa ya buɗe ido, don Vasseur ne maigidan Hamilton tun yana matashi, a tawagarsa ya ci gasannin matasa na Formula 3 ta Turai a 2005 da GP2 a 2006, kuma ba su taɓa yanke zumunci ba. A watan Mayu Daily Mail ta ce Ferrari na shirya masa tayin fam miliyan 40, aka je Monaco aka tambaye shi ya musanta, Vasseur ma ya musanta, ranar 31 ga Agusta kuma Mercedes ta sanar ya sabunta kwantiragi na shekara biyu har ƙarshen 2025. Shi kenan kowa ya ce an rufe babin.

Ashe kwantiragin da ƙofa a jikinsa. Shekara ɗaya ce tabbatacciya, ta biyun zaɓi ce, don Mercedes na da yaro ɗan Italiya mai suna Kimi Antonelli da take renonsa kuma ba ta so ta ɗaure kanta da mutumin da ya doshi shekara 40. Ferrari kuwa ta ba shi na shekaru da dama wanda zai kai shi cikin sababbin dokokin inji na 2026. Wata biyar kacal bayan waccan sanarwar ya je gidan Wolff a Oxford suna karin kumallo ya faɗa masa zai tafi, shi ma Wolff daga baya ya ce ƙishin-ƙishin ɗin ya riga ya iso kunnensa ta wajen mahaifin Sainz. Washegari da safe kafafen Italiya suka fasa ƙwan, kafin ranar ta ƙare aka tabbatar. Har aka yi ta yayata cewa sunansa ne ya ɗaga hannun jarin Ferrari a ranar, alhali ranar ce kamfanin ya fitar da rahoton ribarsa na shekara, amma wa ya damu da wannan.

Kar fa wani ya ce to sanarwar tawaga ce kaɗai abin yarda. A Agustan 2022 tawagar Alpine da bakinta ta sanar Oscar Piastri ne zai maye gurbin Fernando Alonso, cikin sa'o'i yaron ya hau Twitter ya ce shi bai sa hannu da su ba kuma ba zai tuƙa musu ba, sai da aka je gaban kwamitin da ke duba kwantiragin direbobi aka ce McLaren da ya riga ya sa hannu da ita ce ke da gaskiya.

Sainz wanda aka raba da kujerarsa ba laifin tsaye ba na zaune ya yi wata shida ana haɗa shi da Audi da Red Bull da Mercedes kafin ya sa hannu da Williams a ƙarshen Yuli, Antonelli kuma aka sanar a Monza cewa shi zai gaji Hamilton a Mercedes. Hamilton ya yi bankwana da Mercedes da nasara biyu, Silverstone da Spa, jimillar nasarorinsa a Formula 1 ta kai 105.

Ranar 20 ga Janairun 2025 ya isa Maranello hedikwatar Ferrari, aka ɗauke shi hoto da baƙar doguwar kwat a ƙofar gidan Enzo Ferrari wanda ya kafa kamfanin, ga jar motar F40 a gefensa, hoton ya zaga duniya. A China ya ci ɗan gajeren tseren ranar Asabar aka ce to ga shi nan ya dawo, washegari Lahadi aka soke sakamakonsa saboda allon ƙarƙashin motar ya cinye fiye da ƙa'ida. Daga nan dai abin bai yi daɗi ba, a Hungary da bakinsa ya ce ba shi da amfani gara tawagar ta nemi wani direba, ya gama kakar a na shida bai hau dandamalin ukun farko ko sau ɗaya ba a babban tsere, abin da bai taɓa faruwa da shi ba tun da ya fara a 2007. Jaridun Italiya suka koma kan Vasseur suna cewa za a sallame shi, Ferrari ta sabunta masa kwantiragi a ƙarshen Yuli, duk da haka aka ci gaba da jefa sunan Christian Horner da Red Bull ta kora daga shugabancin tawagarta a watan. Bayan tseren Brazil da motocin Ferrari biyu duk suka kasa gamawa, Elkann ɗin nan dai da ya yi shekaru yana zawarcin Hamilton ya fito ya ce injiniyoyi da makanikai suna aikinsu, direbobi su rage surutu su maida hankali kan tuƙi.