Marayun littattafai da yarjejeniyoyin ciniki: tambayoyi da amsoshi

Wane aiki ake kira maraya?

Littafi ne, ko hoto, ko faifan waƙa da doka ke kāre haƙƙin mallakarsa har yanzu, amma an nemi mai shi an rasa. Marubuci ya rasu, kamfanin ɗab'i ya rushe, magada sun watse. Ɗakin karatu na so ya ɗora shi a intanet, babu wanda za a nemi izini a wurinsa.

To ina ruwan ciniki da wannan?

Tushen abin Yarjejeniyar Bern ce ta 1886, wadda ƙasashe suka ƙulla don kāre haƙƙin marubuta. A gyaran da aka yi mata a 1908 aka hana ƙasashe gindaya wa marubutan waje sharaɗin rajista: da zarar an rubuta, haƙƙi ya tabbata. Wannan alheri ne ga marubuci, sai dai ya bar mu babu kundin da za a duba a gano mai abu. Da aka kafa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, yarjejeniyarta kan haƙƙin mallakar fasaha, wato TRIPS, ta wajabta yawancin ƙa'idojin Bern a kan mambobi, har da Najeriya. Ƙasar da ta saɓa, a kai ƙararta, har a iya ramawa a kan kayan da take fitarwa.

Shekara nawa haƙƙin ke ɗauka?

Bern ta ce aƙalla 50 bayan rasuwar marubuci. Amurka da Tarayyar Turai suna kan 70, kuma da wannan adadin suke zama a teburin ciniki. Ostareliya ta koma 70 a 2005 saboda yarjejeniyarta da Amurka. Kanada ta bi sahu ranar 30 ga Disamba 2022, ƙarƙashin yarjejeniyarta da Amurka da Meziko; marubucin da ya rasu a 1972, sai 2043 aikinsa zai zama na kowa a can. A ganina cinikin bai yi ba. Littattafai ƙalilan ne ke kawo kuɗi bayan shekara 50, sauran kuwa ƙarin shekara 20 na maraici kawai aka ɗora musu.

Akwai mafita?

Akwai, amma ƙofar ƙarama ce, domin sashe na 13 na TRIPS ya taƙaita rangwamen da ƙasa za ta iya yi. Kanada da Birtaniya suna ba da lasisi ga wanda ya nuna ya yi cigiyar mai haƙƙi da gaske bai same shi ba. Tarayyar Turai, tun dokarta ta 2012, ta bar wa ɗakunan karatu da gidajen tarihi damar ɗora marayun a intanet, da sharaɗin a biya mai shi diyya in ya bayyana.