Ma'anar "fitin" a wasan golf: awon sanda kafin a saye ta

Duk wanda ya taɓa kai yadi wurin tela ya san bambancin rigar da aka ɗinka da awonsa da wadda ya tsinta a rataye a kanti. Ta kanti an yanka ta ne da awon mutumin da ba a taɓa gani ba, mai matsakaicin tsayi da matsakaiciyar kafaɗa. In ta zauna maka, ka yi sa'a. Masu wasan golf, wanda gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu, suna da kalmar da suke amfani da ita a kan wannan batu, wato fitin. Kalmar ba baƙuwa ba ce a bakinmu, tunda mata kan ce riga ta yi fitin idan ta zauna daidai a jiki. A golf, fitin shi ne a auna ɗan wasa, a tsaya a kalli yadda yake bugu, sannan a haɗa masa sandunan da suka dace da jikinsa da kuma bugun nasa.

Sandar golf kashi uku ce. Akwai kai, wanda ke dukan ƙwallo. Akwai ƙota, wadda 'yan wasa ke kira shaf. Sai mariƙin roba a can sama. Manomi zai riga kowa gane zancen, domin ya san cewa fartanyar da ƙotarta ta gajarce masa sai ta karya masa baya kafin azahar, kuma idan ruwanta bai kwanta yadda ya kamata a jikin ƙota ba, ko dai ta riƙa nutsewa ko ta riƙa zamewa a bayan ƙasa. Ba a ce manomin bai iya noma ba. Fartanyar ce ba tasa ba. Doka ta yarda ɗan golf ya ɗauki sanduna har 14 a jakarsa, kuma kowace a cikinsu tana iya zama tasa ko ba tasa ba ta wannan fuska.

A zamanin da ake yin ƙota da itacen hikori, maƙeran sanduna na Sikotlan da hannu suke aiki, kuma mai saye yana iya tsayawa a gabansu a gyara masa. Da hukumar R&A ta garin St Andrews a Sikotlan, mai tsara dokokin golf, ta halatta ƙotar ƙarfe a 1929, bayan takwararta ta Amurka ta riga ta, sai masana'antu suka samu damar buga sanduna dubbai iri ɗaya. Sun yi araha, amma awo ya zama ɗaya ga kowa. Wanda aka fi dangantawa da dawo da awo ga talakan ɗan wasa shi ne Karsten Solheim, injiniya haifaffen Norway wanda ya fara ƙera sanduna a garejin gidansa a Kalifoniya a 1959, ya kafa kamfanin PING. A 1972 kamfanin ya fito da tsarin ɗigo mai launi a jikin kan sanda. Ana auna tsayin mutum da nisan da ke tsakanin wuyan hannunsa da ƙasa, a duba jadawali, a ga launinsa. Baƙin ɗigo shi ne awon gama-gari, shuɗi da kore na masu buƙatar sandar da ta fi miƙewa tsaye, ja kuma na mai buƙatar wadda ta ɗan kwanta.

Abin da ɗigon ke nunawa shi ake kira lai, kuma a ganina shi ne abin da ya fi cancanta mutum ya fahimta a duk harkar. Lai shi ne kusurwar da ke tsakanin ƙota da ƙasa idan kan sandar ya zauna sosai. Sandunan da kansu na ƙarfe ne ana ba su lamba, kuma ƙaramar lamba ta fi nisa. A sandar ƙarfe mai lamba 7, lai yakan kasance wajen digiri 62 ko 63. Abin da ake so shi ne lokacin da kai ya haɗu da ƙwallo, gindinsa ya shafi ƙasa a kwance, kada dunduniyarsa, wato gefen da ke kusa da ƙota, ta riga, kada kuma hancinsa, wato ɗaya ƙarshen, ya riga. Idan sandar ta yi wa mutum tsaye da yawa, dunduniya ce ke shiga ƙasa, hanci ya ɗaga sama, sai ƙwallo ta karkata hagu ga mai bugu da dama. Idan ta kwanta da yawa, hanci ne ke nutsewa, ƙwallo ta tafi dama. Ga bahago sai a juya lissafin. Dalilin kuwa shi ne fuskar sandar ba a tsaye take ba, sama take ɗan kallo, saboda haka da zarar an karkata ta gefe, inda take kallo ma ya karkace. Shi ya sa matsalar ta fi muni a gajerun sanduna masu fuska a kwance, waɗanda ake nufar tutar da ke kan rami da su, inda kuskuren yadi biyar ke jefa ƙwallo ramin yashi.

Abin tausayi shi ne mai irin wannan sanda ba ya sanin laifin ba nasa ba ne. Ya yi bugu mai kyau, ƙwallo ta tafi hagu, sai ya fara karkata kafaɗa ko sauya riƙo don ya rama. Bayan shekara biyu ya koya wa jikinsa bugun da bai dace ba saboda ya bi sandar da ba ta dace ba. Wannan ne ya sa ban yarda da masu cewa fitin na ƙwararru ne kawai ba. Ƙwararre yana da hannun da zai yi wasa da kowace sanda aka miƙa masa. Mai koyo ne sanda ke juyawa yadda ta ga dama.

Awon tsayi da wuyan hannu mafari ne kawai. Mutum biyu masu tsayi ɗaya ba sa sunkuyawa iri ɗaya, kuma ƙota tana lanƙwasawa a cikin bugu, kan sandar ya ɗan faɗa ƙasa. Don haka awo na gaskiya sai mutum yana bugu ake yinsa. Tsohuwar hanya ita ce a manna tef a gindin sanda a buga ƙwallo a kan wani allo mai tauri, a duba inda tef ɗin ya goge. A yau kuma na'ura ce ke gaba. TrackMan, wadda wani kamfanin Denmark da aka kafa a 2003 ke yi, tana bin ƙwallo da radar tun daga tashinta har saukarta. GCQuad kuma kyamarori huɗu take amfani da su ta ɗauki lokacin haɗuwar kai da ƙwallo. Suna nuna gudun kan sanda, gudun ƙwallo, kusurwar tashinta, yawan juyawarta a minti ɗaya, da nisan da ta yi a iska. Akwai wani lissafi da ake raba gudun ƙwallo da gudun sanda don a ga ko mutum yana dukan tsakiyar fuska. A babbar sandar da ake kira direba, 1.50 shi ne kusan iyaka.

Direban ce ma ta fi nuna amfanin awon tsayi. Waɗanda ake sayarwa a kanti yanzu sukan wuce inci 45, saboda doguwar ƙota tana ƙara gudu, kuma nisa ne ke sayar da kaya. Amma tsawo yana wahalar da dukan tsakiya, kuma ƙwallon da aka daka a gefen fuska tana asarar nisan da tsawon ya kawo, ta ƙara da shiga daji. Tiger Woods, a shekarun da ya fi kowa, da direba mai inci 43 da rabi yake wasa, mai ƙotar ƙarfe. Doka ta tsayar da tsayin sanda a inci 48, ban da ta tura ƙwallo rami, kuma tun 2022 masu shirya manyan gasa suna da ikon rage shi zuwa 46. Bryson DeChambeau kuwa wata hanya ya bi dabam: duk sandunansa na ƙarfe tsayinsu ɗaya ne, inci 37 da rabi, don ya riƙa tsayuwa iri ɗaya a kowane bugu, kuma ya ci gasar US Open a 2020 da 2024. Wannan ba ya nufin kowa ya yi koyi da shi. Yana nuna dai cewa awon kanti ba wahayi ba ne.

Sai batun taurin ƙota, inda girman kai ke cutar maza da yawa. Ana rubuta harafi a jikinta: L mafi laushi, sai A, sai R matsakaiciya, sai S mai tauri, sai X mafi tauri. Mutum ya ji cewa ƙwararru da X suke wasa, sai ya ga ɗaukar R kamar gazawa ce. Alhali ƙwararrun gasar PGA ta Amurka suna kaɗa direba da gudun da ya haura mil 110 a awa, yawancin masu wasan nishaɗi kuwa ba sa kai 100. Ƙotar da ta fi ƙarfin mai ita takan sa ƙwallo ta ƙi tashi, bugun ya yi kamar ana dukan dutse. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne babu wani ma'auni guda da kamfanoni suka yarda da shi, S ɗin wannan tana iya zama R ɗin wancan. Nauyi ma yana da tasiri ba kaɗan ba. Ƙotar ƙarfe takan kai giram 120 ko fiye, ta girafait, wani abu mara nauyi, a direba kuwa takan tsaya wajen 50 zuwa 70. Dattijon da gwiwar hannu ke damu yakan samu sauƙi da girafait, saboda tana shanye girgizar bugu.

Mariƙi ba ya buƙatar dogon bayani. Akwai siriri, matsakaici da mai kauri, ana kuma ƙara kauri da naɗa tef a ƙarƙashin robar. Mai babban tafi ko mai ciwon gaɓɓai yakan fi jin daɗin mai kauri. Shi ne gyara mafi araha, kuma shi aka fi sakaci da shi.

Akwai tarko a ɗakin fitin da ya kamata a sani, musamman inda mai awon shi ne mai sayarwa. Ana kiran kwanciyar fuskar sanda lof. A da, lamba 7 tana da digiri 34 ko 35. Yau akwai masu lamba 7 da ke da 28 ko 29, wato tsohuwar lamba 5 ce aka sauya wa lamba. Ka buga sabuwar ka ga ta wuce tsohuwarka da yadi 15, ranka ya yi fari, ka zaro kuɗi. Amma sandar ƙarfe aikinta ta sauke ƙwallo inda aka nufa ta tsaya, kuma ƙwallon da ta zo a miƙe ba ta tsayawa. Mai awo na kirki zai nuna maka kusurwar saukar ƙwallo, wadda ake so ta kusanci digiri 45 ko ta wuce, ya nuna maka yadda bugu goma suka taru ko suka warwatsu, ya kuma tabbatar akwai tazarar yadi 10 zuwa 15 tsakanin kowace sanda da mai bi mata. Wanda ya tsaya yana yabon bugu ɗaya da ya fi nisa, ciniki yake yi.

Shi ma mai zuwa awo yana da nasa haƙƙin. Ya je da tsofaffin sandunansa don a samu abin kwatantawa, ya yi bugun da ya saba yi a fili ranar Asabar, kada ya yi na burge na'ura. Ya faɗi kuɗin da yake da shi tun farko. Ya kuma faɗi inda yake wasa, domin ƙasa ba ɗaya ba ce. Gajerun sandunan da ake kira wej suna da ɗan tudu a gindi wanda ke hana su nutsewa. A ciyawa mai laushi irin ta Ingila babban tudu alheri ne, amma a filin Kano ko Kaduna da rani, inda ƙasa ta bushe ta yi tauri, sai ya sa sanda ta yi tsalle ta daki ƙwallo a tsakiyar jikinta maimakon ƙarƙashinta. Haka nan nisan da aka auna a Legas ba zai zama ɗaya da na filin Rayfield a Jos ba, inda tudun ya kai wajen mita 1,200 kuma iska ba ta da nauyi, ƙwallo ta fi tafiya. Tabarmar roba ta ɗakin awo ma tana rufa wa mai dukan ƙasa kafin ƙwallo asiri, saboda haka in da hali a gwada a kan ciyawa.

Fitin ba ya maye gurbin malami. Wanda bugunsa ke sauyawa kowane mako, awon tsayi da mariƙi ya ishe shi har hannunsa ya zauna.

Yawancin masu farawa a wajenmu da sandunan gwanjo suke farawa, ko waɗanda wani babba ya bar musu, kuma waɗannan ma ana iya gyara su su dace. Ana sauya mariƙi, ana rage ƙota ko a ƙara, sai dai rabin inci ma yana sauya yadda nauyin kai ke ji a hannu, yana kuma taɓa lai da kusan digiri ɗaya. Ana lanƙwasa wuyan sandar ƙarfe a kan na'ura ta musamman. Wadda aka ƙera da ƙarfe mai laushi tana bi da sauƙi, wadda aka zuba a mazubi kuwa tana da taurin kai, in aka matsa mata fiye da digiri biyu tana iya karyewa, don haka ba aikin mai walda ba ne. Kafin a kai ga nan, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. A ja layi mai kauri da alƙalamin maka a jikin ƙwallo, a ajiye ta layin yana tsaye yana kallon fuskar sanda, a buga. Tawadar za ta fito a fuskar. Idan layin ya fito a tsaye, lai ya yi daidai. Idan samansa ya karkata wajen hanci, sandar ta yi maka tsaye da yawa, idan wajen dunduniya ne, ta kwanta da yawa. A maimaita sau biyar ko shida da lamba 7, sannan da wej, kafin a yanke hukunci.