Ciwon Damuwa Bayan Haihuwa: Me Ake Nufi da Shi?

A 'yan shekarun nan maganar ciwon damuwa bayan haihuwa ta fara yawo a shirye-shiryen lafiya na rediyo da zaurukan WhatsApp na matan Kaduna. Wasu na ɗaukar ta sabon yayi ne na 'yan boko. Alhali ciwo ne da ya daɗe a ɗakunan matanmu, sai dai akan ce raki ne, ko rashin godiyar Allah, ko kuma iska ce ta shafi mai jego.

Abin da likitoci ke nufi shi ne baƙin ciki mai nauyi da ke sauko wa mace a makonni ko watannin da suka biyo bayan haihuwa, ya zarce mako biyu, har ya hana ta tafiyar da rayuwarta. Wani lokaci tun tana da ciki yake farawa. Jariri ya yi barci, gida ya yi tsit, ita kuwa idonta biyu har asuba. Abinci ya fita ranta. Ta riƙa kuka ba ta san dalili ba. Wata za ta kalli ɗan da ta sha naƙuda a kansa ta ji zuciyarta wayam, sai ta ƙara tsanar kanta, tana ganin ba ta cika uwa ba. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin wace mace ce za ta iya buɗe baki ta faɗi haka a gaban surukarta, ana tsakiyar zuwa barka?

Ba kowane kukan mai jego ne ciwo ba. Yawancin mata kan shiga saurin kuka da jin haushi daga kwana na biyu ko na uku, ya kuma wuce da kansa kafin mako biyu. Akwai kuma wani na dabam mai hatsari, wanda ke kama mace 1 ko 2 cikin 1,000: ta rikice, ta riƙa jin muryoyi ko ganin abin da babu, ta kwana ba ta runtsa ba. Wannan ba a kwana da shi a gida, asibiti ake nufa nan take.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu a duniya suna fama da matsalar ƙwaƙwalwa, galibi damuwa, a ƙasashe masu tasowa kuwa adadin ya kusa kashi 20. Da wannan lissafi, idan mata ashirin suka jeru a benci ranar rigakafi a Tudun Wada ko Rigasa, kowacce da goyo da kati a hannu, ana iya samun huɗu da ke ɗauke da wannan nauyi.

Dalilansa ba guda ba ne. Da zarar mabiyiya ta fita, sinadaran jiki da suka riƙe juna biyun har wata tara sukan faɗi warwas cikin 'yan kwanaki. Ga rashin barci. Amma bincike ya sha nuna cewa halin da mace ke ciki yana da babban tasiri: wadda ta taɓa yin ciwon a baya, wadda miji ke duka ko wulaƙantawa, wadda talauci ya dabaibaye, wadda ta sha doguwar naƙuda ko ɗan bai zo da rai ba, da wadda ba ta da mai kama mata.

Al'adarmu ta jego tana da alheri mai yawa. Ana dafa ruwan wanka da ganyen darbejiya safe da yamma, ana dama kunu, ana gasa nama, ga tsohuwa zaune tana wanke jariri tana gasa masa cibiya. Duk wannan jiki ake yi wa. Tambayar da ake yi ita ce "Ruwan nono ya zo?", ba kasafai ake cewa "Ya zuciyarki?" ba. Daga an yi arba'in tsohuwa ta tattara kayanta, sai a bar yarinya ita kaɗai a ɗakin haya, miji ya fita tun safe sai dare, ciwon kuwa yana iya bayyana a kowane lokaci cikin shekarar farko.

Gano shi ba ya buƙatar na'ura. Tun a 1987 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna John Cox da abokan aikinsa suka fitar da wasu tambayoyi 10 da ake kira ma'aunin Edinbura, waɗanda ke tambayar mace yadda ta ji a kwana bakwai da suka wuce: ko tana iya dariya kamar da, ko tana ɗora wa kanta laifi ba gaira ba dalili, ko tunanin cutar da kanta ya taɓa zo mata. Minti biyar ya isa.

Maganin farko, idan ciwon bai yi tsanani ba, zama ne da mai ba da shawara da aka horar. A nan ake yawan kuskure, a zaci nasiha ce irin ta "ki yi haƙuri, kowa da haka ta saba." Mai wannan aiki saurare take yi tukuna. Idan mace ta ce "ba ni da amfani," sai su bi maganar tare: wa ya tashi sau huɗu jiya da dare ya shayar da yaron? Sannan su tsara ƙananan abubuwan da za ta iya a makon, kamar barcin awa biyu da rana yayin da ƙanwarta ke riƙe da jariri, ko yadda za ta nemi taimakon maigida ba tare da rigima ba.

An gwada wannan a ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan, cikin al'ummar Musulmi masu ƙaramin ƙarfi. Farfesa Atif Rahman ya horar da ma'aikatan lafiya mata da ke shiga gida-gida, ba likitocin ƙwaƙwalwa ba. Sakamakon da aka wallafa a mujallar likitoci ta Lancet a 2008 ya nuna cewa wata shida bayan haihuwa, kashi 23 ne kawai na matan da aka yi wa wannan zama ke da sauran ciwon, a rukunin matan da ba a yi wa irin wannan zama ba kuwa kashi 53. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da tsarin littafin horo ga ƙasashe. A ganina babu abin da zai hana ungozomomi da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi na unguwanninmu koyon wannan aiki, tunda su ne ke ganin mai jego a duk ranar rigakafi.

Idan ciwon ya yi nauyi likita kan haɗa da magani, kuma akwai waɗanda mai shayarwa za ta iya sha. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, ana haɗa su. A Kaduna ana iya farawa daga inda aka yi awon ciki, ko asibitin koyarwa na Barau Dikko, ko a wuce asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, wanda ba masu taɓin hankali kaɗai yake dubawa ba. A roƙi likita ya auna jininta, domin ƙarancin jini ma yana kawo kasala mai kama da wannan. Kuma wani ya raka ta ya riƙe jaririn a waje, don ta samu damar yin magana da likita ita kaɗai.