Cin abincin rana a mashayar ƙauye a Ingila: amsar tambayoyin da 'yan gida suka yi min

Tun ranar da na ce wa 'yan gida abokan aiki sun ɗauke ni wani ƙauye a yankin Yokshaya mun ci abincin rana a abin da Turawa ke kira pub, tambayoyi suka yi ta zuwa, wasu da mamaki wasu kuma da faɗa-faɗa. To ga abin da na sani.

Wai shi pub ɗin nan ba gidan giya ba ne?

Gidan giya ne, ba zan ɓoye maka ba, da ka shiga kantar sayar da ita za ka fara gani. Amma a ƙauye aikinsa ya wuce nan. Asalin sunan ma gidan jama'a yake nufi, kuma ƙauyuka da yawa kanti ya rufe, gidan waya ya rufe, shi kaɗai ya rage inda mutanen gari za su haɗu, kamar dai majalisar ƙofar gidan mai unguwa. Wanda muka je rufinsa ƙasa-ƙasa ne sai da na sunkuya kada azara ta buge ni, wuta na ci a murhu, wani dattijo manomi da takalmin roba duk taɓo yana karanta jarida karensa kwance a ƙarƙashin tebur, can gefe kuma wata kaka da jikokinta uku ana ta rigima kan dankali. Ba hayaƙin taba, tun 2007 aka hana shan sigari a cikin irin waɗannan wurare a Ingila.

Me ake ci?

Ranar Lahadi gasasshen nama ne sarki. Ana yanko na shanu ko na rago ko kaza, a haɗo da gasasshen dankalin turawa, karas, kabeji, da wani abu mai kama da ƙaramin kwano da ake yi da fulawa da ƙwai da madara, shi ne Yorkshire pudding, sai a kwarara romo mai kauri a kai. Sauran ranaku akwai kifi da soyayyen dankali, akwai nama da ake rufewa da ɓawon fulawa a gasa, akwai miyar ganye da burodi.

Wanda ya fi burge ni shi ne ploughman's, wato abincin mai huɗa. Ba a ɗora tukunya sam: gutsuren burodi ne, man shanu, yankan cuku na Cheddar ko Stilton, albasa da aka jiƙa a ruwan tsami, wani ɗan miyau-miyau mai zaƙi da tsami, wani lokaci da yankan tuffa. Za ka ɗauka tun kaka da kakanni sunan yake, alhali masu tallata cuku ne suka yayata shi a shekarun 1950 da 1960 don cuku ya samu kasuwa, kodayake burodi da cuku kam tsohon abincin manoman can ne. Ba yaji ko kaɗan fa, wanda ya saba da yajin tsire ya sa wannan a ransa tun daga gida.

Yaya ake yin oda?

Nan ne baƙo ke shan kunya. Ni da kaina na taɓa zama kusan minti 20 ina jiran a zo a tambaye ni, ba wanda ya kula ni, ashe ba wulaƙanci ba ne. A yawancinsu kai za ka samu tebur, ka duba lambarsa, ka tashi ka je kanta ka faɗi abin da kake so, ka biya nan take, su kawo maka. Ba a layi a gaban kantar amma mai sayarwa ya san wa ya riga wa, kada ka ɗaga murya ko ka yi masa tsaki ko tafi. Ka kuma duba baƙin allon da ke bango, nan ake rubuta girkin ranar da alli.

Musulmi zai samu abin da zai ci?

Zai samu, amma sai ya buɗe ido sosai, kuma wannan ce tambayar da ta fi damuna don na ga ɗalibai sababbin zuwa sun afka ba su sani ba. Naman ƙauye da wuya ya zama yankan Musulunci, wannan ɗaya kenan. Sai alade da ke zuwa da sunaye kala-kala: gammon, ham, bacon, crackling duk shi ne, tsiran-tsiran ɗinsu ma galibi nasa ne, black pudding kuma jini ne zalla da kitse da hatsi. Shi kansa abincin mai huɗan wasu na saka masa yankan alade a gefe, sai ka ce a cire.

Inda tarkon ya fi ɓuya shi ne kifi. Kowa gudu yake ya fake a kifi, to sau da yawa ƙullun da ake tsoma shi kafin suya da giya ake kwaɓa shi, in ka ga an rubuta beer battered to shi ne. Romon ma wani lokaci da jan ruwan inabi mai sa maye ake haɗa shi, dankali kuma a arewacin Ingila akwai masu soya shi da kitsen shanu. Ka tambaya kai tsaye, ba sa jin haushi, sun saba da masu tambayar abin da ke cikin abinci. Ni dai gasasshen kifi ba ƙullu nake nema, ko gasasshen dankali guda da cuku da wake.

Abin sha fa?

Lemo, ruwan lemun tsami da soda, shayi, kofi, duk akwai, ruwan famfo kuma kyauta ne in ka roƙa. Ka kiyayi cider, ruwan tuffa ne amma mai bugarwa, shandy kuma giya ce aka sirka da lemo.

To zaman wurin kansa ya halatta?

Ni ba malami ba ne, amma akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito da ya hana mai imani da Allah da ranar lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma ban ɗauke shi da wasa ba. Akwai 'yan uwa a nan da ba sa taka ƙofar ko kaɗan, ina girmama su ƙwarai. Abin da na yi ranar, tun kafin mu tashi na gaya wa abokan aikin gaskiya, suka ce ba komai, duk teburinmu lemo da shayi aka sha, muka zauna a lambun baya. Wanda abin ya shige masa duhu ya tambayi malaminsa tun kafin gayyata ta zo, kada sai an zauna kunya ta hana shi magana.

Wane lokaci ya kamata a je?

Wajen 12 zuwa 2 da rabi, don da yawa suna rufe kicin bayan nan sai yamma, ranar Lahadi kuma ka kira ka kama tebur tun da wuri in ba haka ba ka tarar nama ya ƙare. Ana zuwa da yara muddin suna tare da babba. Ka lura da hanya ma, wasu suna can ƙurya inda bas ke zuwa sau biyu a yini. Wani mai suna Tan Hill Inn da ke tsaunukan Yokshaya shi ya fi kowane pub a Birtaniya zama kan tudu, mita 528 sama da teku, kuma a watan Nuwamba 2021 dusar ƙanƙara ta rufe hanyarsa, mutum kusan 60 suka kwana uku a ciki, wasu a kan kujeru wasu a ƙasa. In da hunturu za ka je irin can, ka duba hasashen yanayi kafin ka kunna mota.